Darasi na Bakwai: Idan mai binciken zaman gida ya yi muku sallama

Wata rana za ku ji sallama a zaure, ku tarar da saurayi ko budurwa riƙe da takardu ko 'yar kwamfutar hannu, tare da ɗan rakiya daga gidan jauro ko lawan. Zai tambayi abin da kuka ci, abin da kuka saya, da yawan yaran gidan. Wasu na tsorata su ce haraji ne, wasu kuma na murna su ce rabon tallafi ne. Ba ko ɗaya ba ne. Auna halin rayuwa ake yi, kuma da amsoshinku ake tsara inda za a kai asibiti, makaranta da taimako.

A Kamaru hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ita ke yin wannan bincike da ake kira ECAM. An yi shi a 1996, 2001, 2007 da 2014, aka sake yi a 2021 zuwa 2022. A Chadi kuwa sunansa ECOSIT. A binciken 2014, an ɗauki mutum a matsayin matalauci idan abin da yake ci da abin da ake kashe masa bai kai sefa 931 a rana ba, wato wajen dala 186 (dala ɗaya sefa biyar ce). Da wannan ma'auni aka samu kashi 37.5 cikin ɗari na mutanen ƙasar suna cikin talauci, amma a jihar Arewa Mai Nisa abin ya kai kashi 74.3, a jihar Arewa kuma 67.9. Irin waɗannan alƙaluma ne ke nuna wa gwamnati inda za ta fara. Shirin tallafin kuɗi da Bankin Duniya ke mara wa baya an gwada shi a Soulédé-Roua kusa da Mokolo, kuma a tsarinsa gidan da aka zaɓa kan karɓi jaka 360, wato sefa 360,000, cikin wata 24.

Kuskuren da ya fi ɓata lissafi a wajenmu shi ne na dala. Mu da dala muke ƙirga, takardar mai bincike kuma da sefa take. Idan uwargida ta ce ta sayi mai na ɗari, tana nufin dala ɗari, sefa 500 ke nan. In ya rubuta 100, ya rage kuɗin gidan ninki biyar. Ku riƙa faɗa a fili: "dala ɗari, ɗari biyar ta Faransanci." In da hali ku nuna masa takardar kuɗin.

Na biyu, abin da ba a saya ba shi ma ana ƙirga shi. Dawar da aka ɗebo daga rumbu, kuɓewar bayan gida, nonon saniyarku, itacen da yara suka yo, har tuwon da maƙwabta suka aiko, duk ci ne. A ce gida na cin kwano 2 na dawa kullum, kuma kwano ɗaya sefa 500 ne a kasuwarku. A mako kwano 14 ke nan, kuɗinsu sefa 7,000, ko da ba ku fitar da ko dala ba. Ku nuna masa ainihin kwanon da kuke awo da shi, domin na Marwa da na Garwa ba lalle su zo ɗaya ba. Maigida kuma ya bar uwargida ta amsa tambayar cefane da bakinta. Shi ya san buhun da ya shigo, ita ta san gishiri, daddawa da sabulun da suka ƙare.

Mutanen gida su ne masu kwana a gidan suna ci daga tukunya ɗaya. Ɗan riƙo yana ciki, jaririn da ba a yi sunansa ba yana ciki. Yaron da ya daɗe da tafiya almajiranci wani gari, ku faɗi tun yaushe ya tafi, mai bincike ya san inda zai sa shi. Kunyar ambaton ɗan fari da tsoron baki kan sa iyaye su tsallake wasu yara. Mun san nauyin al'adar, amma yaron da ba a ƙirga ba, ba a yi masa tanadin benci a aji ko allurar rigakafi ba. In kunya ta hana, kaka ko gwaggo ta faɗi sunan.

Akwai wani binciken na lafiya, EDS, wanda ake auna tsawo da nauyin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari na yaran Kamaru sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A nan wata ɗaya ma yana da muhimmanci. Yaro mai wata 30 da aka rubuta masa wata 24 zai fito lafiya lau a takarda alhali yana da tamowa. Saboda haka ku ajiye takardar haihuwa da katin awo cikin leda a wuri guda. In babu su, ku tuno da abin da ya faru lokacin haihuwar: azumin bara ne, Sallar Layya ce, ko ana yankan masakuwa? Wannan ya fi a ce "ya kai shekara biyu" da ka.

Wani lokaci za ku ga an ba ƙauye ɗaya tallafi, na kusa da shi an yi masa tambayoyi kawai. Abin na da ciwo, ba za mu ɓoye ba. Dalilinsa shi ne sai an gwada waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba tukuna ake sanin ko abu na da amfani. A Busia ta ƙasar Kenya, daga 1998, an raba makarantu 75 kashi uku, wasu suka riga wasu samun maganin tsutsar ciki. Sai aka ga fashin makaranta ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu a inda aka sha maganin. Kuna da haƙƙin tambaya ko naku ƙauyen zai samu daga baya, kuma kuna da haƙƙin ƙin amsawa. Mai bincike na gaskiya yana da katin aiki, ba ya karɓar ko dala, ba ya kuma alkawarin sa sunanku a jerin masu tallafi.

Aikin wannan mako: ku ja layi uku a littafinku. A na farko ku rubuta abin da aka ci ko aka saya, a na biyu yawansa, a na uku kuɗinsa da sefa. Ku cika shi kowane dare har kwana 7, a gaban abin da ya fito daga rumbu ku sa alamar R. A shafi na gaba ku jera sunayen yaran gidan, kowa da wata da shekarar haihuwarsa, ku zo da shi aji mu haɗa lissafin tare.