Yadda ake haɗa fitilun dandali da kontirolar DMX ba tare da sun rikice ba

Yawancin yaran da nake gani sun sayi fitilun PAR, wato masu haska kala ba tare da motsi ba, da masu juya kai don aikin biki ko taro, matsalarsu guda ɗaya ce, ba su san adireshi ba, wato lambar da ake ba kowace fitila don ta gane umarnin da yake nata. Sai ka ga mutum ya tura feda ɗaya, wato makunnin nan na jikin kontirola da ake turawa sama da ƙasa, duk fitilu sun kama tare, ko ya ce a bashi ja wata fitilar ta fara ƙyafta fari, daga nan ya ce kontirola ce jabu. Wallahi lafiyarta ƙalau.

DMX512 tsari ne na aika wa fitilu umarni ta waya da ƙungiyar USITT ta Amurka ta fitar a 1986, kuma har yau da shi ake aiki. Layi ɗaya yana ɗauke da canel 512, kowane canel lamba ce daga 0 zuwa 255 mai sarrafa abu ɗaya a fitila, kamar ja ko ƙarfin haske. Kontirola ba ta san wace fitila ce a haɗe ba, ita dai tana watsa lambobin ne cikin waya, kowace fitila ta tsinci nata daga inda ka ce mata ta fara.

Fara da waya. Daga DMX OUT na kontirola zuwa IN na fitilar farko, daga OUT ɗinta zuwa ta biyu, a haka a jere har ƙarshe. Kar ka yanka waya ka raba ta biyu da hannu, in rabawa kake so ka sayi sifilita, na'urar raba layi. Layi ɗaya kar ya wuce fitila 32. Na san kebul ɗin makirfo ya fi araha kuma bakinsa yana shiga daidai, amma ni ban yarda da shi ba, da fitila huɗu a ɗan ƙaramin ɗaki zai yi maka aiki, ranar da ka ja shi a babban hol ranar za ka ga fitilu suna rawar da ba ka sa su ba. A fitilar ƙarshe ka toshe tamineta, rasista ce kawai mai ohm 120 tsakanin fin na 2 da na 3, duk mai gyaran rediyo zai haɗa maka ita da kuɗi kaɗan.

To yanzu adireshi, nan nake so ka natsu. Kafin ka taɓa lamba, duba takardar fitilar ka ga mod nawa take da su, don fitila ɗaya tana iya aiki da canel 4 ko 7 ko fiye, kai ne za ka zaɓa. In PAR ɗinka tana kan canel 7 ka sa ta a 001, to ta cinye 1 zuwa 7, ta biyu ba za ta fara ƙasa da 008 ba. In ka sa ta a 005 sun hau kan juna kenan, abin da ke shuɗi a wannan shi ne ƙarfin haske a waccan.

Amma ga inda ake faɗuwa. Ƙaramar kontirolar nan mai canel 192 da kusan kowa ke farawa da ita, ta riga ta yanka wa kowace fitila canel 16, fitila 12. Saboda haka lissafin 1, 8, 15 ba zai yi maka ba a kanta. Maɓallin farko adireshi 1 ne, na biyu 17, na uku 33, na huɗu 49, sai 65, kana ƙara 16 kana tafiya, ko da fitilar canel 4 kawai take ci, sauran su zauna haka nan ba komai. Ka rubuta lambar a salatif ka manna a jikin kowace fitila, wannan dole ne a wurina.

In tsohuwar fitila ce mai ƙananan makunnai maimakon allo, ƙimarsu 1, 2, 4, 8, 16, 32 ce har zuwa 256, tarawa ake yi. 17 shi ne makunni na 1 da na 5, 33 kuma na 1 da na 6. Ka tabbata kuma fitilar tana kan DMX ba kan bin sauti ko sarrafa kanta ba.

Ka danna fitila ka tura ja ba ta kama ba? Kar ka fara kwance waya. Da yawa sai ka ɗaga canel ɗin dima, wato na ƙarfin haske, tukuna, masu juya kai kuma sai ka buɗe shata, canel ɗin da ke rufe haske da buɗe shi. Ka duba ko BLACKOUT, maɓallin kashe duk fitilu, na kunne, sannan feda 8 ne a jikin kontirolar, canel 9 zuwa 16 suna shafi na biyu.

Ajiye yanayin haske ba wuya. Riƙe PROGRAM har ta fara ƙyaftawa, saita fitilun yadda kake so, danna MIDI/ADD, sai lambar da za ka ajiye a ciki. Ka yi fari mai laushi na jawabi da hoto, kala biyu ko uku na shigowar amarya, sannan mai gudu na rawa. In aiki ya yi girma sai ka koma kwamfuta, manhajar QLC+ kyauta ce, adaftar USB zuwa DMX kawai za ka saya. Kuma in janareta ne a wurin, ka sa wa kontirolar UPS tun kafin a fara.