Kurakuran da ake tafkawa wajen neman shawarar masu zuwa laburare

Babban kuskure shi ne tambayar waɗanda ke zaune a ciki kawai. Sabon ma'aikaci a Bauchi zai buga takardar tambayoyi shafi uku da Turanci, ya raba a zauren karatu cikin watan Afrilu. To, su wa ke wurin a lokacin? Masu shirin JAMB da WAEC, sai ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU). Amsarsu ɗaya: wuta, fanka, wurin cajin waya, intanet. Sai a kai wa shugaba rahoto wai abin da jama'a ke so ke nan. Haba! Ina matar auren da ba ta samun fita sai bayan la'asar? Ina ɗan kasuwar Wunti, da malamin tsangaya mai karatu da ajami, da makaho? Wanda ba ya zuwa shi ya san abin da ya hana shi, kuma takardarka ba za ta same shi ba.

Ni dai tambaya biyar nake ganin ta isa, da Hausa, a yi ta da baki. Mace ta je Islamiyyar matan aure, namiji ya bi ta hannun mai unguwa.

Na biyu, kada ka ce "me kuke so?" alhali kasafin kuɗi na hannun hukumar laburare ta jiha. Za a ce kwamfuta hamsin, ka kasa, gobe ko shayi ka dafa ba mai amsa gayyatarka. Ba su zaɓi cikin abin da kake da iko a kai: a buɗe ranar Asabar, ko a ƙara awa biyu da yamma? A sayi jarida, ko littattafan Hausa? Kafin wata ya cika, liƙa a allon sanarwa abin da aka nema, wanda aka yi, da wanda ya gagara tare da dalili.

Akwatin shawara kuwa, in makullinsa ya ɓace, a cire shi. Kada a sa taro da hantsin Juma'a ko da yamma cikin azumi. Yara ba sa magana gaban hakimi. A zaunar da su daban, yara takwas zuwa goma a kowane zama.

Sannan a duba rajistar aro. Mutum zai ce kimiyya yake so, rajista ta nuna littattafan soyayya yake ɗauka, don haka a gwama biyun kafin a rubuta jerin sayayya.