Mayar da tsohon benen ofis gidajen sayarwa: inda magina ke tuntuɓe

A Amurka an mayar da benaye masu tarihi da dama gidajen da kowa ke sayen sashensa. Tribune Tower na Chicago, ginin 1925, ya koma gida 162, One Wall Street na New York kuma gida 566. Wanda ya hangi irin waɗannan daga nesa sai ya ɗauka aikin bai wuce yanka ɗakuna ba.

Kuskure mafi tsada tun a lissafi ake yin sa. Gwamnatin tarayya tana ba da rangwamen haraji na kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyaran ginin tarihi, amma sai ginin yana kawo kuɗin shiga, kamar haya. Wanda ya sayar kafin shekara 5 ta cika, za a karɓe wani ɓangaren rangwamen. Mafita biyu ce: a ba da haya shekara 5 sannan a sayar, ko a cire rangwamen daga kasafi tun farko.

Sai zurfin ginin. Ma'aikaci zai yini ƙarƙashin fitila, amma a New York ɗakin kwana sai da taga. A auna tazarar taga zuwa tsakiyar bene kafin a biya kuɗi. In ta zarce mita 9 sosai, tsakiyar za ta zauna cikin duhu, sai dai a yi ɗakin ajiya a wurin ko a fasa gini don haske ya shigo. A nan benayen kafin Yaƙin Duniya na Biyu suka fi sababbi, domin sirara ne kuma tagoginsu na buɗuwa.

Bututun ruwa ma yakan ba da wahala. Ban-ɗakunan ofis suna tattare kusa da lifta, alhali kowane gida na buƙatar kicin da ban-ɗakinsa. A jera su saman juna daga hawa zuwa hawa, bututu ɗaya ya ɗauke su, kuma kada a huda daɓe sai injiniya ya duba inda ƙarfe ya bi.

A bincika ko akwai asbestos, wani kayan gini na da mai cutar da huhu, da fenti mai dalma kafin a taɓa bango.

Tagogi kuwa, kada a yi gaggawar cire su. Hukumar kula da gine-ginen tarihi takan ƙi amincewa. A gyara firam ɗin, a ƙara gilashi na biyu daga ciki don tare sanyi da ƙarar titi.