Gyaran saitin bindigar iska

Da farko ka tabbatar babu dalma (ƙaramin harsashinta) a ciki, ka juya bakinta wajen bango.

Goge cikin bututun da tsumma mai laushi, don ƙurar hunturun Maradi tana taruwa a nan. Kada ka ɗiga man mota a ɗakin iska, wato inda ake matse iskar da ke tura dalma, matsi yana kunna shi ya ƙone robar da ke hana iska zurarewa. Ɗigo ɗaya na man silikon ya isa.

Ɗaure kusoshin da ke riƙe ƙota, sassaucinsu ne ke yawan watsa harbi.

Sai ka kafa kwali a mita 10, bayansa katangar laka, ka kau da yara. Harba biyar da dalma iri ɗaya, 4,5 ko 5,5 mm gwargwadon bututunka. In sun sauka hagu, matsa saitin baya, wato na kusa da idonka, dama kaɗan, ka sake.

Kada ka taɓa harba ta babu dalma, sifirin ɗin ƙarfe da ke matse iska yana lalacewa.