Babi na 7: Yi wa tsohuwar mota fenti da kuɗi kaɗan kafin tsatsa ta cinye ta

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Darasin yau na masu mota ne, musamman ku da kuke neman abincin iyali da ita, masu Vectra da Golf da Sharon da ke lodi a Bauchi Road da Farin Gada, da masu akori-kura da ke ɗauko dankali daga Bokkos da Mangu, har da wanda yake riƙe da Fijo 504 ta gadon baba irin wadda aka haɗa a Kaduna. Yawancinmu in an ce fenti sai mu tuna ƙyalli, alhali babban aikin fenti shi ne ya raba ƙarfe da ruwa. Ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska sai ya yi tsatsa, ita kuma tsatsa in ta kama ba ta tsayawa da kanta, ci take ta ƙarƙashin fenti har sai ta huda.

Mu nan Jos kun san yadda daminarmu take, daga Afrilu har Oktoba ana ruwa, a Agusta kuwa kusan kullum ne, ga raɓa da sassafe, ga jar laka da ke manne a ƙasan mota ta riƙe danshi kwana da kwanaki. Motocin Beljiyam kuma da yawa da cutarsu suke zuwa, don a Turai da Kanada gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa yana saurin cin ƙarfe sosai.

Fara da bincike

Ka wanke motar tas da omo har ƙasanta, ka barta ta bushe. Sai ka ɗauki sukundireba ka bi wuraren da ruwa ke kwanciya, ƙasan ƙofofi, bakin taya, gefen robar gilas, cikin but inda safaya take zama, wajen da batir yake don ruwan batir ma yana ci, sannan dan Allah ka ɗaga kafet ka duba daɓen motar, nan ne mutane ke mantawa har sai ranar da ƙafa ta ji iska. Duk inda ka ga fenti ya kumbura kamar ƙuraje toh tsatsa ce a ƙasa. Ka danna da sukundireba, in wurin da ƙarfi aikin hannunka ne, in ya lotsa ko ya huje wannan sai mai walda, ya yanke ruɓaɓɓen ya ɗora sabon ƙarfe. Kafin ya kunna wuta a cire kan batir a fitar da kafet, a kuma kula da tankin mai da fayif ɗinsa.

Akwai masu toshe rami da jarida ko raga su shafe da fila, wato kwaɓin nan da ake cike lotsawar jikin mota da shi, wallahi ina roƙonku kar ku yarda da wannan ko da kyauta ne. Fila tana shan ruwa, damina ɗaya za ta tsage ramin ya dawo ya fi na da girma. In kana so ka gane inda aka taɓa cika maka fila, samo mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika ka bi jikin motar da shi, inda ya ƙi kamawa ba ƙarfe bane a kusa. In kuma shasi ne ya ruɓe, ajiye maganar fenti tukuna, wannan maganar rai ce, a fara gyara shi.

Kayan aiki

Dilimi za ka samu kusan komai. Kana buƙatar burushin waya, sanfefa, fila da hadnarta wato sinadarin da ke sa ta daskare, jan faraima mai hana tsatsa wato shafin farko kafin fenti, tina ta tsinka fenti, tef na takarda, tsofaffin jaridu, tsumma mai tsafta, takunkumi, sai fentin kansa. Ita sanfefa lamba gare ta a baya, kuma ga darasin lissafi nan: ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babbar lamba mai laushi. Lamba 80 ta cin tsatsa ce, 180 ta daidaita fila, 400 zuwa 600 ta gyara faraima kafin fenti. Ka karanta lambar da idonka kafin ka biya.

Gurza, nan aikin yake

Kuɗin da mai fenti ke caja yawancinsa na wannan wahalar ce, toh in kai da yaranka manya ko ƙannenka kuka yi ta da kanku kun rage kaso mai tsoka. Ka sa burushin waya ka kankare ɓawon tsatsar, ka bi da lamba 80 har sai ka ga farin ƙarfe yana sheƙi, kuma kar ka tsaya daidai bakin tsatsar, ka ƙara kamar faɗin yatsa biyu zuwa cikin fenti mai kyau saboda tana ɓuya a gefe. In ka ga ɗigo-ɗigo baƙi ko ja a cikin ƙarfen ba ka gama ba, ci gaba. Hannu zai yi ciwo, gajiya za ta ce maka ai ya isa haka, kar ka saurare ta, duk ɗigon da ka rufe da fenti shi zai kumburo maka bayan wata shida kuma ka yi asarar fenti da tina da kwanakin da motar ta yi ba ta fita aiki ba. Sauran jikin motar da fentinsa ke nan lafiya ba sai ka kankare shi ba, ka bi shi da 400 kawai ya dushe don sabon ya samu wurin kamawa.

Inda ya lotsa kaɗan sai a sa fila, a kan ƙarfe mai tsafta busasshe. Kwaɓa kaɗan kaɗan, fila kamar girman ƙwai hadna kamar ƙwayar wake, don cikin 'yan mintuna take daskarewa. Shafa ta siriri, bayan kamar minti 30 ka goge da 180 a naɗe jikin katako mai lebur. Kar ka sa ruwa wajen goge fila.

Abu mafi muhimmanci a babin nan: ƙarfen da ka gurza kar ya kwana tsirara. Raɓar Jos ta dare ɗaya ta isa ta mayar da shi ja. Shi ya sa gara ka ɗauki ƙofa ɗaya ko gefe ɗaya a rana, ka gurza, ka goge da tsumma da ɗan tina, ka shafa faraima tun kafin la'asar. Faraima hawa biyu, ka bari na farko ya sha iska kafin na biyu. Ita ma faraima ba a barinta makonni cikin ruwan sama ba fenti a kai.

Fesa fenti

In an gama faraima an goge da 600, a sa jarida da tef a rufe gilasai da fitilu da lambar mota. Shawarata a nan ita ce ka kai wa mai kwamfuresa, wato injin fesa fenti, a Farin Gada ya fesa maka, ka zo da fentinka ku yi ciniki kan kuɗin fesawa kaɗai, ka ce masa oga na gama gurza da faraima hannunka kawai nake so. In wuri kaɗan ne fentin gwangwani ya isa, ka girgiza shi sosai, ka riƙe nesa da jikin motar kamar taƙi ɗaya wato santimita 20, hannu na tafiya kar ya tsaya, hawa uku sirara da minti 10 zuwa 15 a tsakani. In ka labta da yawa lokaci ɗaya zai zubo. Mai akori-kura ta gona da ba ruwansa da ƙyalli, fentin mai da rola ko burushi ma zai tsare masa ƙarfe, ba abin kunya bane.

Lokaci mafi kyau shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. A Disamba da Janairu sanyin Jos yana hana fenti bushewa da wuri ga ƙura. A yi a inuwa da hantsi bayan raɓa ta bushe, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta.

Ku kula da lafiyarku 'yan uwa. Tina tana kama wuta nan take, ba sigari ba murhu ba janareta a kusa, a kori yara daga wurin, a yi aiki inda iska ke wucewa. Takunkumi mai matata na masu fenti shi ne daidai, musamman in fentin mai hadna ne don yana illa ga huhu sosai. Madarar da ake sha bayan aiki wai ta wanke ƙirji, ciki take tafiya ba huhu ba, ba ta kare kowa.

Kar a manta ƙasan mota, a shafa mata baƙin andakot, wato fenti mai kauri na kare ƙasan mota, bayan an wanke ta bushe, amma ban da salansa da birki. Baƙin mai da wasu ke fesawa yana lalata roba kuma in ya taɓa birki hatsari ne. Ƙasan kowace ƙofa akwai ƙananan ramuka na fitar ruwa, ka zura waya ka buɗe su, fenti ma kar ya toshe su. Kuma ka tsaya kan kalar da motar take da ita, ya fi sauƙin kuɗi don ba sai an fesa cikin ƙofofi da bonet ba, in ka canja kala kuwa sai ka je an gyara takardun mota tunda kalar a rubuce take ciki, in ba haka ba za ka sha tambaya wajen VIO da 'yan sanda.

Aikin gida

Ka zagaya motarka ko ta maƙwabci, ka rubuta a littafinka duk inda ka ga tsatsa, ka ware na walda daban na gurza daban. Sannan ka shiga shago uku a Dilimi ka tambayi kuɗin faraima lita 1, tina lita 4, fila gwangwani 1 da sanfefa guda 10, ka rubuta na kowane shago ka haɗa jimla. Ku zo da littafin aji na gaba, malama ko malam zai duba lissafin tare da ku.