Masu auna tasirin proje, ga inda kuke tuntuɓe

Na gaji da rahotannin sababbin masu bincike a nan Tahoua. Kullum shafin farko iri ɗaya: an raba awaki kaza, an horar da mata kaza, an gina rijiya kaza. Wannan ai lissafin kashe kuɗi ne. Abin da ake nema shi ne me ya canja a tukunyar gida wanda da ba ku zo ba da bai canja ba.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne na lokaci. Ka shiga ƙauye a watan Yuli, rumbu wayam, tiyar hatsi ta yi tsada, ka tambayi sau nawa ake ɗora tukunya. Ka koma a Nuwamba bayan girbi, ka dawo kana washe baki wai proje ya kori yunwa. Kaka ce ta kore ta, malam! Ga kuma kuɗin da masu tafiya biɗa ke aikowa daga Abijan ko Libiya, shi ma ka haɗa ka ce naka ne. Irin wannan rahoto ya taɓa sa mai ba da tallafi ya janye mana, shi ya sa ba na wasa da zancen. Watan da na fara tambaya, shi nake komawa baɗi.

Sannan ina ƙauyen da za ka gwada da shi? A 2010, shekarar ƙarancin abinci, wata mai bincike, Jenny Aker, da abokan aikinta sun bi tallafin kuɗi na ƙungiyar Concern a ƙauyuka 96 na jahar nan. Ƙuri'a ce ta kasa su uku: wasu kuɗi a hannu, wasu ta Zap (hanyar tura kuɗi ta wayar salula a lokacin), wasu kuɗi a hannu haɗe da kyautar waya. Kashi na ukun nan ne dabarar, don a gane ko mallakar wayar ce ta yi aiki ko hanyar turawar. Gidajen Zap suka fi cin abinci iri-iri. Ni a gaban masu gari nake sa a ja ƙuri'a, kada a ce ƙauyen surukina na zaɓa.

Kada ka yi wa mace tambaya a zauren mai gari, sai dai ka sha godiya. Abin da yara suka ci jiya, uwarsu ake tambaya, ba maigida ba. Takardar tambayoyi kuwa, a mai da ita Hausa ko Tamajak tun a ofis, ba kowane mai tambaya ya riƙa juya Faransanci yadda ya ga dama a tsakar gidan mutane ba.