Yadda nake kula da hankalina a shagon ɗinki

Mu teloli mun san wata gajiya da ba ta tsayawa a kafaɗa. Shekarar da ƙaramar Sallah ta faɗo tsakiyar bazara, shadda ta taru a shagona na Mabera har bakin ƙofa, kowa ya ba da kafin alƙalami, kowa yana son nasa kafin jajibiri. Na kusa sati biyu ina kwana a kan keke. Sallah ta wuce, kaya suka tafi, ni kuwa ban dawo daidai ba. In na kwanta sai idona ya bushe. Tuwo ya daina yi mini daɗi. Yaro ya ɓarar da ruwa a tsakar gida, in hau shi da faɗa kamar ya ƙone gidan.

Maigidan da ya koya mini ɗinki ne ya fara ganewa. Ya zauna a benci, ya ga na warware wuyan riga ɗaya har sau uku, ya ce, "Kai yaro, mi ka damunka?" Na ce, "Ba komi, Baba, zafi ne." Ya ce, "Zahi kowa na jin shi. Hwaɗa min gaskiya." Daga ranar na fara gyare-gyaren da zan faɗa maka.

Ka fara da barci, don sauran duk a kansa suke tsayawa. Babban mutum yana bukatar aƙalla awa 7 a dare. Mu kuwa Asuba ta riga ta yanke mana lokacin tashi, sai dai a gyara na kwanciya. In ladan zai kira wajen ƙarfe 5, to ƙarfe 10 ta same ka a shimfiɗa. Na san Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ga ɗaki kamar tanda. Ni yayyafa ruwa nake yi a tsakar gida bayan Magariba, in watsa ruwa a jiki, in ɗaura gidan sauro a waje. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne barin shayi da goro bayan La'asar. Sinadarin da ke cikinsu mai wartsakar da mutum yakan yi kusan awa 5 kafin rabinsa ya fita daga jiki, ka ga shayin da ka sha a teburin mai shayi ƙarfe 9 yana nan yana aiki har ƙarfe 2 na dare. Wayata kuma a shago take kwana, wai tana caji. Gaskiyar magana, ɓoye ta nake yi wa kaina, don in tana kusa sai na leƙa Facebook, in ci karo da labarin 'yan bindiga, shi ke nan barci ya yi nasa wuri. Ƙailula bayan Azahar tana da daɗi, amma kada ta wuce rabin awa, in ba haka ba ta cinye barcin dare.

Sai tafiya a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Ba sai ka sayi takalmin gudu ka nufi filin wasa na Giginya ba. Ka ajiye babur, ka taka zuwa wurin sana'a da sanyin safiya kafin rana ta buɗe ido. Lokacin hunturu ka rufe hanci saboda ƙura.

Akwai wata dabara da na samu a littafin awo. Bayan shafukan da nake rubuta faɗin kafaɗa da tsawon hannu, na ware wuri ina rubuta abin da ke cina: bashin mai yadi, kuɗin makarantar yara, hayar shago. Gaban kowanne sai in sa abu ɗaya da zan iya yi gobe, ko da kiran waya ne in nemi a ɗaga mini ƙafa. Wanda ba ni da abin yi a kansa in ja masa layi, in kai shi cikin sujada. In damuwa tana yawo a kai sai ka ɗauka ta kai ɗari, ranar da na fara rubutawa kuwa guda shida na ƙirga. A littafin nan ne kuma na lissafa kaya nawa hannuna zai iya fitarwa a mako. In sun cika, ko ɗan uwana ne ya zo da shadda sai in ce, "Yaya, ka yi haƙuri, sai bayan Sallah." Zai ɓata rai na yini guda. Ya fi in karɓa in koma ɓuya a bayan labule.

Ka samu mutum ɗaya da za ka faɗa wa cikinka. Majalisa tana da amfaninta, ana dariya ana mantawa, amma ba nan ake kwance irin wannan ƙulli ba, kafin Isha'i labarinka ya zaga unguwa. In kuma kai aka zo wa, kada ka yi saurin rufe masa baki da "sai haƙuri". Ka tambaye shi yaya barci, yana cin abinci kuwa, tun yaushe abin ya fara. Haka ma mai jego da ta yi shiru, tana kuka ba dalili har bayan suna da makonni. Wannan ciwo ne sananne da ake magani, a daina ce mata raki take yi.

Ƙwaya dai kada ka kusance ta. Na ga yaran shago suna haɗiyar tiramadol don su kwana a kan keke, ƙarshenta ba sa iya zura zare a allura sai sun sha.

Wani lokaci duk waɗannan ba sa isa. In ka kai sati biyu kullum zuciya a cunkushe, abin da kake so a da ya fita ranka, aiki ya gagara, to a je asibiti. In kuwa tunanin cutar da kai ya fara zuwa, ko mutum yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ranar za a tafi, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, kan hanyar Illela, akwai kuma sashen a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Mun mayar da "a kai shi Kware" abin tsokana, alhali da yawa likita suke gani su koma gida a ranar. Ƙasar ma ta sauya dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, aka ajiye tsohuwar ta 1958. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa, kamar yadda ba ta hana mai hawan jini shan maganinsa.

In za ka je, ka tafi da wani naka. Ka rubuta a takarda lokacin da abin ya fara, awa nawa kake barci, da duk abin da kake sha, har na gargajiya da na kemis, don likita kan duba ko wani ciwon jiki ne ke jawo shi, kamar ƙarancin jini. In an ba ka magani, wasu sai sun yi makonni kafin a ji aikinsu, kada ka ajiye da kanka don ka ji sauƙi ko don ba ka ji ba. Ka koma ranar da aka rubuta maka a kati.